Wurin da Na Bar Miki a Cikin Waƙa

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Tabita,

Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa a durƙushe, ina fatan wannan wasiƙa ta same ki cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Ni ce Rahila, autarki, nake rubuto miki daga Kuala Lumpur. Ina nan lafiya. Baba ma lafiyarsa ƙalau, sai dai gwiwar nan tasa da kika sani. A shafina na intanet zan saka wasiƙar, don haka mutane za su leƙa. To su leƙa. Ke ma ai ba ki taɓa iya magana a ɓoye ba, ko faɗa za ki yi wa mutum sai maƙwabta sun samu rabonsu.

Dalilin rubuto miki shi ne muryarki. Mama, ta ɓace mini bayan rasuwarki, kuma na daɗe ban gaya wa kowa ba.

Fuskarki tana nan. Tabon wuƙar da ke babban yatsanki yana nan, haka ƙamshin man kaɗanya da hayaƙin itace da ba ya rabuwa da zanenki. Kalmominki ma ina da su kaf, zan iya jero su. Amma in na ce bari in ji su da muryarki, sai in ji su da tawa. Ga shi ba ki bar mana komai ba. Saƙon murya ba kya yi, kin ce ke ba za ki tsaya kina surutu da ƙarfe ba alhali mutumin ba ya nan. Kaset ɗaya tilo da aka ɗauka a babban taron zumuntar mata, danshin damina ya cinye shi a ƙasan akwati.

Akwai mafarkin da ya riƙa zuwar mini. Ina tsaye a tashar jirgin nan da ke tafiya a sama kan doron siminti, ta wajen Chow Kit. Ruwa yana sauka. Jirgi ya iso a hankali, sai ga ki a ciki, sanye da anko na zumunta, kin ɗaura ɗankwali irin ɗaurinki mai karkata hagu. Kina waƙa. Ina ganin jijiyar wuyanki tana motsi, ina ganin kina girgiza kafaɗa, amma gilashi ya raba mu, ko ƙwayar sauti ba ta fitowa. Ƙofa ba ta buɗewa. Jirgin ya wuce da ke tsakanin dogayen gine-gine, ni kuma in farka ina ƙoƙarin tuna me na ji.

Kin tuna yammacin Alhamis a Kafanchan, a gindin mangwaron bayan majami'a? Mata sun yi da'ira, Mama Kande ta rungume tulu a cinya tana buga bakinsa, caki yana kewayawa daga hannu zuwa hannu, ke kuma kina tsakiya kina ba da waƙa. Muryarki ba mai santsi ba ce, in faɗi gaskiya. Akwai wata tsaga a cikinta. Duk sanda za ki hau sama sai ta karye kamar za ta faɗi, sannan ta tashi. Kuma ba kya ƙarasa baiti ki ɗora wani. Sai ki tsaya, ki ɗan karkata kai, mata su cika wurin da amshi.

Ranar da kika fara ba ni waƙa in ja, ina 'yar ƙarama, na kwashe ta da gudu daga farko har ƙarshe ko numfashi ban yi ba, ina jin ni ce gwana. Kika kama kunnena a hankali kika ce, “Ke, bar musu wuri su shiga mana. Waƙar taki ce ke kaɗai?”

Daga baya malamin ƙungiyar mawaƙa ya koya mini karatun rubutacciyar waƙa. Ke ba ki iya ba, amma babu wanda ya kai ki alfahari da ni. Kin ce ɗige-ɗigen nan sun yi kama da tsuntsaye a jere kan wayar lantarki. Duk baƙon da ya shigo gidanmu, kafin ya gama shan ruwa kin gaya masa, “Auta ta iya karanta tsuntsaye.” Da aka samo mini gurbi a makarantar koyon waƙa a nan, kin zaga unguwa gida-gida. Har mai niƙa sai da ya ji cewa 'yar Tabita za ta je ta koyo waƙar manya, irin wadda ake yi a tsaye cak da doguwar riga.

Na koyo ta kuwa. Malamata, Madam Lim, 'yar siririyar mace ce da ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta ɗaga gira ɗaya sai in gyara tsayuwa nan take. Ta koya mini jan numfashi daga ƙasan ciki ba tare da kowa ya ji ba. Ta koya mini Italiyanci da Jamusanci na waƙa, in furta su daidai ko da ban san rabin abin da nake cewa ba. A makon farko ta gano tsagar nan a muryata, daidai inda muryar ƙirji ke haɗuwa da ta kai. Ashe na gaje ta. Ta buga piyano da yatsa ɗaya ta ce, “A nan kike karyewa. Za mu goge shi, lah.” (Lah ɗin nan ɗan jelar magana ne da mutanen nan ke liƙa wa ƙarshen zance.) Muka yi ta gogewa, wata da watanni, har na iya hawa daga ƙasa zuwa sama babu wanda zai nuna inda na tsallaka. Kada ki ji haushinta, Mama. Matar nan in na yi mura ita ke kawo mini citta da zuma, in ta ga na rame ta yo mini tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafa da kaza, ta ajiye a kan piyano.

Ina shekara ta biyu Baba ya kira. Kin san sauran fiye da ni.

A jana'izarki aka ce in yi waƙa. Na tsaya cak, na ja numfashin da ba a ji, na zuba musu duk abin da na koyo. Majami'a ta yi tsit. Matan zumunta suna zaune a gaba cikin ankonsu, tulu a ƙasa, caki a cinya, suna kallona. Babu wadda ta motsa baki, don ban bar musu ko ƙofar allura ba. Da aka tashi Mama Kande ta riƙe hannuna biyu tana hawaye ta ce, “Kai, Auta, kin yi kyau. Kamar rediyo.” Yabo ta yi mini da zuciya ɗaya. Amma har na shiga jirgin dawowa maganar ba ta bar raina ba.

Bayan na dawo ne na neme ki a kunnena na rasa.

Yanzu bari in gabatar miki da Mama Asabe, don da kina raye da tuni kun zama ƙawaye ko kun yi faɗa, ko duka biyu. 'Yar Pankshin ce, mijinta yana koyarwa a wata jami'a a nan. Ranar Lahadi da rana, bayan an tashi daga sujadar Turanci, takan tara mata masu jin Hausa a ɗakinta da ke Sri Petaling, can hawa na sama. Tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar daga gida, busasshen kifin daga kasuwar Chow Kit, inda take ciniki da kalmomin Malayanci guda biyar da hannu goma. In an gama ci sai waƙa. Tulu babu a garin nan, sai ta kifa babbar gorar ruwan nan ta roba a cinya tana buga gindinta. Wallahi sautin ba shi da laifi. Tun ranar farko ta ce in ba su waƙa. Na ce malamata ta hana ni waƙa da maƙogwaro saboda jarrabawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “To madalla. Mu da muke yi da maƙogwaro, ki yi mana addu'a.”

Jarrabawar ƙarshe a gaban jama'a ake yin ta, a zauren makaranta. Cikin alƙalai akwai wani baƙo daga Turai da zai zaɓi mutum ɗaya don ƙarin horo a can, kuma kowa ya san wa Madam Lim take so a zaɓa. Na gayyaci Mama Asabe da matanta. Na zaunar da su na yi musu bayani dalla-dalla: ba a tafi sai an gama gaba ɗaya, ba a guɗa, ba a cewa amin. Suka ce sun ji. Kuma su dai ba su saɓa ko ɗaya daga cikin dokokin nan uku ba.

Da la'asar aka yi. Ruwan garin nan ya sauko kamar yadda ya saba, ana jin sa a kan rufi daga nesa. Suka shigo cikin atamfa iri ɗaya, suka zauna a layi na uku, jakunkuna a cinya, fuska a ɗaure kamar masu jiran hukunci.

Waƙar ƙarshe ta Italiyanci ce. Wata mata ce ke kiran wanda ya tafi ya bar ta. Ta kira, ta sake kira, muryar tana hawa, sannan mawallafin ya saka shiru mai tsawo. Murya ta tsaya, piyano ya tsaya. Shirun nan a rubuce yake, Mama, yana cikin tsuntsayen. Ana so zaure ya ji cewa babu mai amsa mata.

Na kira. Na sake kira. Na tsaya.

Mama Asabe ba ta jin Italiyanci. Abin da ta gani shi ne yarinyar gida ta yi kira ta tsaya, har ta ɗan karkata kai. Sai kawai na ji daga layi na uku, a kan karin waƙar daidai ba kuskure, “Muna ji, ɗiyata, muna ji.” Sauran matan suka ɗauka ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake yi a gindin mangwaro.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Zauren ya yi nisa. Fitilu suka zama kamar hasken da ke ratsa ganye. Na buɗe baki in ɗora baiti na gaba yadda aka koya mini, daga sama, a goge, sai muryar ta ƙi. Ta gangara ƙirji, ta taso daga can, ta isa wurin nan da muka yi shekaru muna gogewa, ta karye, sannan ta tashi. Na ji ki, Mama. Daƙiƙa kaɗan ne, amma ke ce. Daga bakina kika fito.

Mai buga mini piyano wani dattijo ne Bamalaye, Pakcik Rosli (pakcik shi ne kawu a yarensu). A ƙa'ida ya kamata ya riƙe abin da ke takarda ya jawo ni in dawo hanya. Sai ya ɗaga kai daga takardar, ya rage gudu, ya bi ni. Har wasu sautuka ya ƙara da babu su a rubuce. Haka muka ƙarasa waƙar, ni da shi da matan Sri Petaling, alƙalai suna kallon juna.

Na ci jarrabawa, amma ba ni aka zaɓa ba. Madam Lim ta daɗe tana tattara takardunta kafin ta dube ni ta ce, “Aiyo, Rahila. Shekara da shekaru ina rufe ƙofar nan, anti ɗaya ta zo ta banke ta.” Na so in yi fushi da Mama Asabe, har na shirya kalmomin. A bakin zaure ta riga ni: “To ni na ga kin yi kira kin tsaya, lah. In bar ki a tsaye kamar marainiya?” Sai ta tuna na rasa ki. Ta kama bakinta da hannu biyu, ni kuma na faɗa jikinta na yi kukan da ban yi a Kafanchan ba.

Muryar taki ba ta zauna ba. Kafin in isa gida ta sake ɓacewa. Amma yanzu na san ta inda ta shigo.

Pakcik Rosli ne ya ce in zo gidansa ranar Asabar. A Kampung Baru yake, gidan katako ne a kan ƙafafu, da bishiyar ayaba a gefe, dogayen benayen gilashi sun kewaye unguwar suna leƙo ta. A ƙuruciyarsa ya yi kiɗa a otal-otal, kuma har yanzu tsofaffin abokansa suna haɗuwa a barandarsa da tsohon ogan, ɗan'uwan piyano, da jita, da ganguna. In an kira sallar la'asar su ajiye komai su tafi masallaci, ni in zauna da matarsa muna shan shayi mai madara, ana jin ƙamshin gasasshen kifi daga rumfunan bakin titi. In sun dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Shi ya fara saka mini tsofaffin faifan soul. Ya ce waƙar baƙaƙen fatar Amurka ce, daga majami'unsu ta fito ta shiga titi. Na saurara, sai dariya ta kama ni. Mace ce ke ja, muryarta tana tsagewa ba ta damu ba, tana jan numfashi kowa yana ji, ta tsaya, wasu mata uku a bayanta su amsa. Na ce a raina, yau ga zumuntar mata ta haye teku ta sa takalmi mai tsini.

Koyon bai zo da sauƙi ba, kada ki ɗauka na tashi da safe na iya. Jikina ya saba gyara kansa. Da zarar na kusa wurin karyewa sai in lallaɓa in tsallake, Pakcik ya ɗage hannu daga ogan ya ce, “A'a. Kada ki gyara. Bar shi ya karye, boleh, an yarda.” Ya koya mini in riƙa zuwa a bayan ganga kaɗan, kamar mai tafiya ba ta gaggawa. Ya koya mini tsayawa. Abin kunya, sai da wani dattijo a ƙarshen duniya ya maimaita mini abin da kika gaya mini kina riƙe da kunnena. Duk ranar da na bari ta karye da gaske, sai in ji ki, ɗan kaɗan, kamar mai magana a ɗakin da ke kusa.

Madam Lim ta zo sau ɗaya. Ta cire takalmi a ƙasan matakala, ta zauna a ƙarshen tabarma da jakarta a cinya, ta saurara har aka gama. Da za ta tafi ta ɗora tafin hannunta a ƙasan cikina ta ce, “Numfashin dai nawa ne.” Gaskiyarta. Ba don ita ba, da tsagar nan ta cinye mini maƙogwaro cikin wata guda.

Abin da ya rage yana damuna shi ne shakka. Ina tsoron kada ya zama kewa ce kawai take yi mini wasa da kunne, in riƙa jin abin da nake so in ji. Wa zai tabbatar mini cewa ke ce? Ga kuma Baba, wanda har lokacin yake gaya wa mutane autarsa tana shirin tafiya Turai da doguwar riga. Na rasa ta inda zan fara masa bayani.

Wata Asabar na ɗauko waƙarki, wadda kika ƙirƙira da kanki shekarar da gonarmu ta yi kyau, ta godiya. Na rera wa Pakcik, ya nemo mata kiɗa, muka yi ta da Hausa a kan ogan. Mama Asabe ta biyo ni ranar, da gorarta. Ta ce za ta ɗauke mu a waya. Ta ɗauka kuwa, sai dai babban yatsanta ya rufe idon kyamarar daga farko har ƙarshe. Hoton duhu ne jaja-jaja, sai sauti kawai. Na tura wa Baba haka, ban rubuta komai a ƙasa ba, don na kasa.

Washegari ya kira, lokacin da safiya ce a can gida. Kin san Baba da waya, gaisuwa sai ta kai kan kajin maƙwabta kafin a zo ga magana. Ranar ko sallama bai yi ba. Kawai sai ya ce, “Auta, a ina kika samo faifan mamanki?”

Na zauna a ƙasa, a nan tsakar ɗaki. Na ce masa ni ce. Ina jin zakara yana cara a bayansa, da ƙarar bokiti a bakin rijiya. Sannan ya ce, “Inda kika tsaya a baiti na biyu, na amsa. Ni kaɗai a tsakar gida.” Baba fa, Mama. Mutumin da ya yi shekaru a layin maza yana motsa leɓe kawai, kina tsokanarsa cewa ko kifi ya fi shi murya.

Bai tambaye ni zancen Turai ba. Ni ma ban ɗauko ba. Ya ce dai in sake turo wani, kuma a gaya wa mai ɗaukar hoto ta cire yatsa.

To kin ji, Mama. Ban zama mai doguwar rigar da kika zaga unguwa kina shela ba. Tsuntsayen ina karanta su har gobe, ba su tashi ba. Amma waƙar da zan yi da rayuwata ita ce wannan mai tsaga, wadda ake jin numfashi a cikinta. In kin ji haushi, na san ba za ki ɓoye ba. Sai dai ina zaton kin gane ta, tunda taki ce.

Mafarkin ya sake zuwa kwanan baya. Tasha ɗaya, ruwa ɗaya, kina bayan gilashi. Wannan karon ban tsaya ina kallon bakinki ba. Na ja waƙar daga inda nake tsaye, na kai ƙarshen baiti, na tsaya. Kika karkata kai. Ban kai ga jin amshin ba na farka, amma na farka ina murmushi.

Lahadi mai zuwa da yamma zan fito a gaban jama'a karo na farko da sabuwar waƙata, a wani ɗan ƙaramin gidan shayi kusa da Kampung Baru. Pakcik zai buga ogan. Mama Asabe da matanta za su tsaya a bayana, wannan karon da izini, har ɗinki sun yi. Waƙarki ce ta rufewa. Na gaya musu su amsa ko'ina suka ga dama, amma ban da baiti na ƙarshe. A nan ogan zai yi shiru, gora ta yi shiru, kowa ya kama bakinsa, har Mama Asabe, wadda sai da na sa ta rantse. Zan kira, in tsaya, in karkata kai. Wurin nan naki ne. Ba sai kin yi sauri ba, na koyi jira.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a inda kike, ya sa ki cikin masu ba da waƙa a gabansa, ya ba ki masu amshi da ba sa gajiya. Ya riƙe Baba, ya sassauta masa gwiwa da kewa. Ya saka wa Madam Lim da Pakcik Rosli da Mama Asabe da alheri, kowa gwargwadon ƙofar da ya rufe ko ya buɗe. Ni kuma ya tsare mini wannan tsaga har ranar da za mu haɗu, ki ji ta da kunnenki, ki gaya mini inda na yi sauri. Amin.

Taki har kullum,
Rahila, Autar Tabita